Mai Igiya da Sunan da Baba Ya Kasa Faɗa

Ƙofar Jatau,
Birnin Zariya.
18 ga Agusta, 1991.

Zuwa ga ƙanena Jalo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Asama'u da yara, kamar yadda ta bar mu. Allah ya sa albarka a hannun da kake duba marasa lafiya da shi, ya tsare ku daga sanyin ƙasar nan taku ta Ailan wadda ba ta san rani ba. Mu dai alhamdu lillahi. Damina ta yi kyau bana, har ta so ta yi yawa, don katangar bayan gida ta wajen rijiya ta zube makon jiya. Allah ya taƙaita, ba ta taɓa kowa ba sai kajin mai ɗakina Maijidda guda biyu, waɗanda har yau take makokinsu fiye da katangar. Inna tana nan da ƙarfinta, ciwon gwiwa ne kawai. Maganin shafawar da ka aiko mata kuwa ta ɓoye shi cikin kwalla, ta ce ba za ta ƙarar da shi a kan ciwon da bai kai ya kawo ba. Gwaggo Batulu ta dawo daga aikin hajji lafiya, yanzu ko ba a yi abin dariya ba sai ta yi, don a ga haƙorin Makka.

Na san kana can kana zagin gidan waya. To ka daina, ba su da laifi a wannan karon. Wasiƙarka ta shigo hannuna tun bayan ƙaramar salla, ni ne na zauna a kanta wata huɗu. Na karanta abin da ka ce: tsohon malaminmu na labarin ƙasa, Mista Dolan, wanda 'yan birni suka raɗa wa Mai Igiya, ya samar wa ɗaya daga cikin 'ya'yana gurbin ƙarin karatu a jami'ar garinku, zai zauna a gidanka, kuma ba abin da ake so daga gare ni sai in rubuta sunan wanda na zaɓa a takardar da ka haɗo, ta dawo muku kafin ƙarshen watan Satumba. Layi ɗaya ne tak. Ni da nake cika takardun filaye a ofishin safiyo shekara ashirin da bakwai, wannan layin ya gagare ni, kuma dole in faɗa maka dalili ko da ba zai yi maka daɗi ba.

Jalo, ina kishinka. Shekara talatin ke nan ina yi, kuma ban taɓa samun hutu ko na kwana ɗaya ba. Na sha zama ina auna abin, ko hassada ce in tuba. Ban taɓa fatan a raba ka da abin da Allah ya ba ka ba, wannan kam na tabbata. Amma duk ranar da ambulan ɗinka ya iso da kan sarkin ƙasar waje a jiki, sai in ji abinci ya fita kaina. Maijidda ta gane tun tuni. Idan ta ga na dawo daga aiki ina faɗa a kan an bar buta ba ruwa, sai ta aika a gaya wa Inna cewa da alama wasiƙar Likita ta iso.

Ka tuna farkon ganin da muka yi wa mutumin nan a gindin dutsen Kufena? Ina shekara goma sha bakwai, kana sha biyar, ranar Asabar ce muka je tsinkar kanya. Muka tarar da dogon Bature ja wur, wanda ya zo kwalejinmu bai fi wata guda ba, da igiya a naɗe a kafaɗa da wasu takalma masu ƙusoshi, yana hawa yana zamowa kamar ɗan akuyar da aka haifa ranar. Ni na ce masa ya cire takalman. Ni na nuna masa cewa dutsen nan ba a hawansa da ƙarfe, da tafin ƙafa ake lallaɓarsa, kuma da sassafe kafin rana ta gasa shi. Na nuna masa baƙaƙen layukan da ruwa ke bi, inda gansakuka take, na ce ko da wasa kada ya taka su da damina. Ya cire, ya bi sawuna har sama, ya tsaya yana kallon ganuwa da rufin gidajen birni yana ta maimaita kalmar madalla, wadda ita kaɗai ya iya a lokacin. Kai kuwa, Likita, a tsakiyar hanya ka rungume wani dutse ka rufe ido kana kiran Inna. A bayana na goyo ka muka sauko. Ban taɓa ba 'ya'yanka wannan labarin ba, amma ina ajiye da shi.

Shekara uku muna tare da shi. Ya koya mini ƙulla igiya da karanta taswira, na koya masa Hausa da cin tuwo da hannu. Ya ce shi ɗan makiyayin tumaki ne daga yammacin ƙasarsu, bin tumakin ubansa ne ya fara kai shi kan tsaunuka. Ya sha gaya mini cewa akwai duwatsun da ƙanƙara ba ta narkewa a kansu, da wata ƙasa can ƙuryar duniya inda rana ke wata da watanni ba ta faɗi ba, kuma wata rana za mu je tare. Na yarda da shi. Yaro ne ni, shi ma yanzu da na duba bai wuce ashirin da shida ba.

Sai ranar da ya zo zauren Baba. Kai kana makarantar allo ta yamma, ba ka ga abin ba, ni kuwa ina tsaye a bayan ƙofar da ke shiga cikin gida. Ya durƙusa kamar yadda na koya masa, ya gaida Baba, ya ce zai koma gida, kuma ya samo gurbin karatu guda ɗaya a can, yana roƙon a ba shi Yari. Ya yi alkawarin salla da abinci na halal da duk abin da uba zai tambaya. Kai da ka daɗe cikin Turawa wataƙila ka manta nauyin wannan abin a gidajenmu. Ni ɗan fari ne. Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa yabona a gaban mutum ba, ko kallona bai cika yi ba idan da baƙo. Kunyar ɗan fari ke nan, haka ya tarar, haka aka yi masa. Da ya ji sunana a bakin baƙo sai ya kawar da kai ya dubi bango, ya ce maganar wancan ba tasa ba ce. Duk ɗan birni da ya ji haka ya san abin da ake nufi: a je a sami Baffa Sabo, ƙanensa, shi ke da bakin magana a kaina. Amma Mai Igiya Hausar kasuwa da ta kan dutse ya iya. Ya ga uba ya juya fuska, ya ɗauka an hana shi. Ya sake roƙo, Baba ya sake duban bango. Baba kuma ba mutumin da zai bar baƙo ya tashi hannu wofi ba ne, sai ya ce akwai ƙanensa Jalo, yaro ne mai ƙoƙari, idan zai yi. Taku uku ne tsakanina da su. Da na leƙa na ce a je wajen Baffa, da magana ta ƙare. Ban leƙa ba, don ɗan kirki ba ya tsoma baki a maganar kansa.

Ka tafi, na zauna. Kai da kake jin jiri a kan katangar gida, aka kai ka ƙasar tsaunuka. Ni da ƙafata ta san kowane tsagi na Kufena, aka ba ni tebur da abin awo, ina raba wa mutane filaye a Tudun Jukun suna zagina a kan taku biyu.

Daga nan na koma bin rayuwar mutumin nan a cikin gwangwanin biskit. Kai ka jawo, da yankan jaridun da kake cusowa cikin kowace wasiƙa ina tarawa a cikinsa, kana ganin daɗi kake sa ni. Na san shekarar da ya bar koyarwa ya koma jagoran masu hawan tsaunukan Turai. Na san tafiyarsa ta farko zuwa manyan duwatsun Nepal, da ta biyu, wadda saura ƙiris ya kai ƙololuwa ya juyo saboda abokin tafiyarsa ya makance da hasken ƙanƙara, ya ɗaure shi da igiya a ƙugunsa ya jawo shi ƙasa kwana biyu. Jaridar ta ce wani ɗan jarida ya tambaye shi ko bai yi baƙin ciki ba, ya ce dutsen yana nan inda ya bar shi, mutumin ne ba zai jira ba. Na san hoton da yake tsaye a gindin wani tsauni, takalmansa rataye a wuya, ƙafa tsirara a kan dutse, an rubuta a ƙasa cewa al'adarsa ce kafin kowane hawa sai ya taka dutsen ba takalmi ya ji halinsa. Turawa suna ta mamakin hikimar. Na kai wa abokan aikina hoton na ce ni na koya masa, suka yi dariya suka ce Malam Yari akwai ban dariya.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na shekarar saba'in da takwas, da ya ƙetare Girinlan da karnuka masu jan kaya, kwana arba'in da wani abu a kan farin fili ba itace ba tsuntsu, kuma wa ya ɗauka likitan tafiya? Kai. Hotonka yana nan, ka shige cikin rigar gashi sai hanci da ido kamar mujiya, gemu duk ƙanƙara. Inna ta sa aka yi masa gilashi aka rataye a ɗakinta, duk baƙuwar da ta zo sai an nuna mata. Ni ne na kai shi wajen mai gilashin, a kan kekena. Da littafinsa ya fito ka aiko mini da sa hannunsa, na ɗauki hutun kwana uku na karanta da ƙamus a gefe. Sunanka ya fito sau arba'in da ɗaya. Na ƙirga, kuma na sake ƙirgawa don kada in zalunce ka. Ni sau ɗaya, a shafi na tara, inda ya ce wani yaro a Zariya ya koya masa cire takalmi. Wani yaro! Ko Yarin ma bai samu shiga ba.

Yanzu ka ce tafiyarsa ta ƙarshe ita ce ta bara waccan, can kudancin duniya, inda shi da mutum biyu suka ja kayansu da ƙarfin ƙirjinsu wata biyu suna neman tsakiyar ƙanƙarar, abinci ya ƙare musu, suka juyo saura tafiyar kwana tara. Ka ce sanyi ya ci masa yatsun ƙafa huɗu, kai da kanka ka tsaya aka yanke su. Wallahi da na karanta wurin nan sai da na ajiye takardar na fita tsakar gida. Yatsun da na koya wa riƙe dutse ke nan. Kuma ka ce a gadon asibitin ne ya tambaye ka abin da ya daɗe yana cinsa, wato me Yari ya yi wa ubansa har uban ba ya son jin sunansa. Shekara talatin yana zaton Baba ƙina yake, shi ya sa ma bai sa sunana a littafi ba, don kada ya jawo mini wani fushin. Ka yi masa bayanin kunyar ɗan fari, sai ya ce ya iya karanta ƙanƙara da gajimare amma ya kasa karanta fuskar mutum ɗaya a zaure. Daga nan maganar gurbin karatun nan ta taso. Na gode masa. Amma kada ka zaci jin haka ya wanke mini zuciya, don abin da na fara ji shi ne haushin cewa kai ne a bakin gadon.

To ga abin da na yi da takardar. Watan farko na ce ba wanda zai je, ƙasar da ta ɗauke mini ƙane da malami ba za ta ƙara da ɗa ba. Wata na biyu na ga wannan rowa ce da rigar hikima. Sai na zaunar da Maijidda a rumfa bayan la'asar, na ce Kabir zan rubuta. Ka san Kabir, ɗana na biyu, yaron kirki, amma shi duniyarsa injin mota ce, taswira kuwa ko a juye ka miƙa masa ba zai lura ba. Maijidda ta ce to, Allah ya sa alheri, ta ci gaba da tsince shinkafarta. Ba ta ce komai a kan babbar ba, ni ma ban ce ba. Babbar kuwa, 'yarmu ta fari, ita ce ta karanta labarin ƙasa a jami'a ta fito da sakamakon da malamanta suka zo har gida taya murna, na bar su da Inna na zame masallaci. Ta gama bautar ƙasa tana zaune. Duk gidan nan an san wa ya dace da gurbin, har da Kabir ɗin.

Da na tashi daga rumfar zan fita, sai na gan ta tsaye a bayan ƙofar zaure da tire a hannu. Ƙofar nan dai, Jalo, ko ƙyauren ba a canza ba. Ta ji komai. Ta durƙusa ta ba ni hanya, ta yi mini a dawo lafiya, fuskarta ba ta nuna komai ba. Na san irin wannan fuskar, na san abin da ake haɗiyewa kafin a yi ta. Kashegari na buɗe gwangwanin biskit don in ɗauko takardar in cika, sai na tarar an jera yankan jaridun bi da bi bisa shekara, an liƙe waɗanda suka yage. A ƙasansu akwai taswirar duniya da aka zana da hannu, an bi duk tafiye-tafiyen Mai Igiya da jan alƙalami. Layin bai fara daga Ailan ba. Daga wani ɗan ɗigo ya fara, an rubuta Kufena a gefensa. Ban san tun yaushe take buɗe gwangwanin nan ba, kuma ban taɓa ba ta labarin da bakina ba.

Na ɗauki taswirar na shiga wajen Inna, ban ma san abin da zan ce ba. Ta duba, ta dube ni, sai ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Ta ce ranar da Baturen ya bar zaure, Baba ko rawani bai tsaya gyarawa ba ya taka da ƙafa har gidan Baffa Sabo, don Baffa ya bi baƙon ya gyara magana. Ya tarar Baffa ya tafi kudu sarin goro da asubar ranar. Sai bayan mako bakwai ya dawo, lokacin an gama takardunka. Baba ya kasa zuwa wajen Baturen da kansa, ya kasa aika wani, don duk wanda zai aika sai ya faɗa masa sunan wanda ake magana a kai. Inna ta ce kwana biyu tuwonsa yana komawa yadda aka kai shi. Ta ce ita ma ta sani ta yi shiru, don ita kunyarta ta fi tasa. Sannan ta miƙo mini taswirar ta ce Baffa Sabo ya rasu, ni kuma ƙanena yana bayan teku, saboda haka in duba da kyau ko akwai wanda zan tura wa magana.

Ba kowa. Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, gida cike, na tsaya a tsakar gida na kira ta. Da sunanta, da ƙarfi, yadda maƙwabta za su ji. Ba ta amsa ba. Ba rashin kunya ba ne, waige-waige ta yi tana neman mai kiran, don shekara ashirin da uku ba ta taɓa jin sunan nan da muryata ba. Ludayi ya suɓuce wa Maijidda cikin miya. Gwaggo Batulu ta yi salati ta ce zamani ya zo ƙarshe, kuma har yanzu ba ta amsa gaisuwata sosai. Na sake kira. Ta zo ta durƙusa, na miƙa mata takardar da alƙalami na ce ta duba ko na rubuta daidai. Ta duba layin, ta ga sunanta. Kabir ne ya fara tafi, ɗan banza, ya ce Allah ya cece shi daga sanyi.

Ga takardar nan na haɗo, da hotunanta huɗu da takardun makaranta. Ka duba layin da kyau, rubutuna ne. Ka riƙe ta amana kamar yadda uwar Mai Igiya ta riƙe ka lokacin da ka sauka ƙasar, ka sa Asama'u ta nema mata rigunan sanyi tun kafin ta sauka. Shi kuma ka gaya masa yaron shafi na tara yana gaishe shi, yana yi masa jajen yatsu. Ka ce ban yafe arba'in da ɗaya ba tukuna, amma ina kan hanya. Idan ƙafar ta warke har zai iya dogara sanda, ya kai ta gindin tsaunin da ya bi tumakin ubansa, ya sa ta cire takalmi. Kada kai ka bi su sama, ba mai goyo ka.

Kuma kada ka ce kishin ya ƙare. Ƙaruwa ma ya yi, don yanzu mutum uku zan riƙa yi wa, kuma na riga na sayi sabon gwangwani.

Ka gaida Asama'u da kyau, ka shafa mini kan Adama da Lado, ka ce Baffansu yana tambaya ko sun iya Hausar da ta wuce sannu. Inna tana sa muku albarka, ta ce a gaya maka azumin bana ma ba ka zo ba, tana lissafe. Maijidda tana gaisuwa, Gwaggo Batulu ma, duk da fushinta da ni bai shafe ka ba. Kabir da ƙannensa suna gaida Baffa Likita. Sailuba ma tana gaishe ka. Ka ga na sake rubuta sunanta, kuma rufin gidan bai faɗo ba.

Allah ya sada mu da alheri.

Naka, yayanka,
Yari